Kamshaf ɗin Alhaji Mamman da Gonar Mamaci

Ba na jin akwai ranar da zan manta da hantsin nan da na taka birkin motar Alhaji Mamman na ji kamar dutse na taka. Na daɗe cikin sana'ar nan, na ga injin da ya kama da wuta, na ga jak ya zame mota ta faɗo, amma babu abin da ya taɓa tsorata ni kamar wannan. Tunda yau mun haɗu da ku matasa da kuka shigo gyaran mota a zamanin kwamfuta, bari in ba ku labarin yadda abin ya faru.

Sunana Isiyaku, garejina yana nan Funtuwa, gefen hanyar Zariya. A zamanin kafireta, na'urar da ke haɗa mai da iska, na koyi aiki, lokacin da kunne da sukudireba suka ishi mutum ya daidaita injin. Da motoci masu ƙwaƙwalwa suka yi yawa, wato akwatin kwamfutar nan da muke kira birenbos, sai na haɗa kai da Iliya rewaya, wanda rumfarsa ke jingine da tawa. Tsarinmu shi ne aikin ƙarfe nawa ne, waya da kwamfuta nasa ne, kuma mota mai ƙwaƙwalwa ba ta fita daga garejin sai mu biyun mun yarda.

Alhaji Mamman mutumin Dayi ne, ɗan kasuwar hatsi. Yana da wata tsohuwar wagon ƙirar Turai, irin na farko-farkon da suka zo da ƙwaƙwalwa, mai giyar hannu. Yana da halin sayen sabuwa, amma ya ce da wannan ya fara shiga ƙauyuka sayen masara, ba zai rabu da ita ba. A kakar wata shekara, ana tsakiyar ɓarar masara, ya kawo mini ita tana ƙwanƙwasa daga sama, ga rashin ƙarfi. Da na buɗe murfin injin sai na tarar kamshaf ya cinye.

Ga wanda ba makanike ba, kamshaf sandar ƙarfe ce da ke kwance a saman injin, da ƙusumbi-ƙusumbi a jikinta. In tana juyawa, kowane ƙusumbi yana danna bawul guda, wato ƙofar da iska da mai ke shiga, ko wadda hayaƙi ke fita. Girman ƙusumbin da fasalinsa su ke yanke lokacin da ƙofa za ta buɗe, da nisan buɗewarta, da lokacin da za ta rufe. A motar Alhaji, biyu daga cikinsu sun goge sun zama sumul, saboda mugun baƙin man da ake zuba mata a bakin hanya.

Na gaya masa zaɓi biyu ne. Ko mu nemo na Beljiyam, wanda aka ciro daga irin motar, ko mu sayi sabo na kamfanonin da ke kwaikwayon na asali. Na ce ni na fi son na Beljiyam in an samu mai lafiya. Ya ce in dakata, zai shiga Kano, zai duba da kansa.

Da ya dawo, sai ga shi da wani dogon kwali mai zanen motar tsere, yana riƙe da shi kamar jariri. Ya ajiye a kan benci ya buɗe. Gaskiya ban taɓa ganin ƙarfe mai kyan wannan ba. Yana sheƙi, an shafe shi da mai, an naɗe shi da takarda mai maiƙo.

"Malam Isiyaku, ka ga abin da Allah ya haɗa ni da shi," in ji Alhaji. "Mai shagon ya ce guda ɗaya ne ya zo a kwantena. Na irin injina ne, amma an yi shi don ƙarin ƙarfi. Ya ce in na sa shi, ko buhu nawa na ɗora, hawa ba zai dame ni ba."

Na jera shi da tsohon. Tsawonsu ɗaya, mazaunansu ɗaya, wurin ɗaura fulin tayimin, wato faifan da ke juya shi, ɗaya. Amma ƙusumbin sabon sun fi tsayi, kuma sun fi faɗi a kai. Na kira Iliya ya duba. Ya juya shi a hannu.

"Alhaji, ƙarfen yana da kyau," ya ce. "Damuwata ita ce ƙwaƙwalwar motarka. Karatun da aka yi mata na tsohon kamshaf ne, kuma irin waɗannan tsofaffin ba a iya sake musu karatu a nan. Tana iya rikicewa."

"In ta rikice me zai faru?"

"Za ta riƙa shan mai, sulo ba zai zauna ba."

Sulo shi ne aikin injin in mota tana tsaye ba a taka totur ba. Alhaji ya yi dariya ya ce in dai shan mai ne da rawar sulo, ya ɗauka. Ya ce a gwada, in bai yi ba a cire. Muka dubi juna da Iliya, muka ga maganar ba ta kauce hanya ba. Iyakar abin da muka hango ke nan, mai da sulo.

Na yi aikin yadda ya kamata. Na sa sababbin tafet, wato ƙananan ƙarafan da ke tsakanin ƙusumbi da bawul, na daidaita tayimin a kan alamarsa don ƙofofin su buɗe a kan lokaci, sannan na juya injin da hannu zagaye-zagaye don in tabbatar bawul ba ya taɓa fistin da ke hawa da sauka a ƙarƙashinsa, tunda yanzu ƙofofin za su fi buɗewa. Babu inda ya taɓa. Da muka tayar, motar ta kama da wata irin murya mai kauri, tana gurnani tana tsalle-tsalle, har masu faci da masu fenti suka bar aikinsu suka zo kallo. Salansa tana fitar da baƙin hayaƙi kaɗan, warin ɗanyen fetur yana tashi. Iliya ya jona na'urarsa ta duba ƙwaƙwalwar mota, ya ɗan ɗaga sulon, ta zauna dai ba laifi. Na taka birki a tsaye, ya kama. Na zagaya da ita bayan gareji, ya kama.

Ƙa'idarmu ita ce babban aiki irin wannan sai an gwada shi a doguwar hanya. Tunda Alhaji gida zai koma, muka shirya mu raka shi har Malumfashi, ni a sitiyari, shi a gefena, Iliya a baya da na'urarsa a cinya, mu dawo a bas.

Da muka wuce Bakori hanya ta buɗe, na ba ta wuta. Jama'a, motar nan ta canja hali. A ƙasa-ƙasa tana da nauyi, har ta fi yadda take a da kasala, amma da zarar injin ya ɗau zafi ya hau sama, sai ka ji kamar an tunkuɗa ka daga baya. Muka wuce wata bas, muka wuce wata tirela, direbanta har da leƙo kai. Alhaji ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yana ta murna.

"Iliya, ina rikicewar?" ya ce.

"Tana nan, Alhaji," in ji Iliya. "Ga ta ina kallo. Mai take zubawa kamar famfo."

Kafin a kai Ƙarfi akwai wani wuri da kwalta ta farfashe a wancan lokacin. Na rage gudu na bi ramukan a hankali, ina taka kulochi ina dangwalar birki, ina ɗan taɓa totur don kada ta mutu. Da muka fita, Alhaji ya ce in ƙara gwada masa sau ɗaya. Na taka totur har ƙasa. Muka hau wani ɗan tudu, hanya ta karkata hagu ta gangara wani ƙaramin ƙauye.

Muna karya kwanar na gan su. Maza ne cike da titi, suna tsallakawa daga gari zuwa ɗaya gefen. A tsakiyarsu mutum huɗu sun saɓa makara, an lulluɓe ta da tabarma. Gawa za su kai.

Tazarar da ke tsakaninmu ta isa mota mai lafiya ta tsaya har da saura. Na cire ƙafa daga totur, na taka kulochi, na taka birki. Gurnanin nan ya ɗauke ɗif. Fitilun gaban sitiyari duk suka kama ja. Birkin kuwa bai motsa ba. Na ƙara dannawa, ya tsaya ƙiƙam kamar an yi masa walda. Na juya sitiyari, shi ma ya yi nauyi, don famfonsa da injin yake aiki. Mota tana gangarawa shiru, babu ƙara sai ta tayoyi, kuma saboda shirun nan mutanen ba su ma waiwayo ba.

Alhaji ya kama salati da ƙarfi. Na danna ham, na miƙe tsaye a kan birkin, bayana ya tokare kujera. Na ji ya fara ci kaɗan-kaɗan, amma ba abin da zai tsayar da mu ba ne. Mutanen suka juyo. Na ga na gefe sun watse, amma masu makara ba su da yadda za su yi, ba su iya gudu, ba su iya yar da ita. Fuskar na gaba har yau ina ganinta. Dattijo ne mai farin gemu, ya tsaya cak yana kallona, bakinsa yana motsi.

Iliya ne ya doki kafaɗata daga baya. "Oga, giya! Sa ta biyu ka saki kulochi!"

Na cusa giyar da ƙarfin tsiya, ta yi ƙara kamar za ta tarwatse, na saki kulochi. Motar ta yi wata irin girgiza, tayoyi suka yi kuka, injin ya farka da ihu. Sitiyari ya saki. Na karya shi dama gaba ɗaya. Muka bar kwalta, muka tsallake ɗan kwalbatin gefen hanya, muka faɗa gonar dawa da ba a yanka ba. Kara yana dukan gilashi ta ko'ina, ba na ganin komai sai ganye da zangarniya, mota tana hawa kunya tana sauka, har gabanta ya nutse a ƙasa ta tsaya.

Ban san iya lokacin da muka yi a zaune ba. Hannuna ya ƙi sakin sitiyari. Goshin Alhaji ya fashe, jini yana sauka kan farar rigarsa, bai ma sani ba. Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Mun taka wani?" Ni ma ban sani ba.

Sai muka ji ana ratsa kara ana zuwa. Na ce a raina yau sai abin da Allah ya yi, don na san abin da ke samun direban da ya yi irin wannan a wasu wurare. Aka buɗe ƙofata. Dattijon nan ne mai farin gemu. Ya kama hannuna ya ɓamɓare shi daga sitiyarin, yatsa bayan yatsa.

"Sannu, ɗana. Fito. Babu wanda ka taɓa."

Na fito na zauna a kan kunya. Wani ya yage gefen rawaninsa ya ɗaure wa Alhaji goshi, wani ya kawo ruwa a buta. Babu wanda ya ɗaga mana murya. Alhaji ya fara ba da haƙuri, yana cewa a nuna masa mai gonar ya biya ɓarnar da aka yi. Dattijon ya juya ya nuna makarar da aka sauke a inuwar wata bishiya a bakin hanya.

"Ga mai gonar can," ya ce. "Ƙanena ne. Shi ya shuka ta, Allah bai nufa zai yanka ba. Tunda an kawo ku har nan, ku taso mu kai shi."

Haka muka bi su maƙabarta, ni da kayan aiki masu baƙin mai, Alhaji da jini a riga, Iliya da takalmi ƙafa ɗaya. Da aka zo zuba ƙasa na durƙusa na sa hannu. Ina kallon kabarin nan ina tunanin saura ƙiris a haƙa wasu a gefensa, kuma ni ne sanadi.

Bayan an watse, matasan garin suka turo motar zuwa titi, muka samu wata akori-kura ta ja mu zuwa Funtuwa.

Washegari da safe na fara da birki, don na ɗauka shi ne ya lalace. Na duba man birki, yana nan cike. Na duba fayif-fayif, babu yoyo. Takalman birki da saura. Na rasa abin da ke ciki. Sai na tuna da tukunyar nan baƙa da ke bayan fedal, wadda muke kira sabo. Ita ce ke taimaka wa ƙafar direba, kuma ƙarfinta daga zuƙar injin yake zuwa ta wani tiyo. Na sa Iliya ya tayar da motar, na zare tiyon na toshe bakinsa da babban yatsana. Da ƙyar na ji yana ja. Akwai wata mota irinta a garejin da aka kawo gyaran salansa, na je na yi mata haka. Ta cafke yatsan har sai da na fizge.

Na kira Iliya na ce ya sa nasa yatsan. Ya gwada wannan, ya gwada waccan. Sai ya dafe kai ya zauna a kan taya.

A nan muka warware abin tsakaninmu. Faɗin ƙusumbin sabon kamshaf yana sa ƙofar shiga ta buɗe tun ƙofar fita ba ta rufe ba, su daɗe a buɗe tare. In injin yana gudu sosai, wannan ne ke ba shi ƙarfin da muka ji. Amma a sulo, zuƙar injin sai ta yi rauni. Ƙwaƙwalwar motar kuwa da wannan zuƙar take gane nauyin aikin da injin ke yi. Da ta ji ta yi rauni, sai ta ɗauka an taka totur, ta yi ta antaya mai, har injin ya shaƙe ya mutu da zarar an taka kulochi daga gudu. Ita ma tukunyar birki da zuƙar nan take rayuwa. Ɗan abin da ta tara na ƙarar da shi a wurin ramuka, na kuma taka totur har ƙasa, inda babu zuƙa ko kaɗan, sannan injin ya mutu. Ba ta samu inda za ta sake cika ba.

Shekarun da na yi ina wannan aiki, ban taɓa kawowa a raina cewa sandar da ke saman injin tana da hannu a birki ba. Iliya ya kira wanda ya koya masa aiki a Kaduna ya ba shi labari. Mutumin ya ce irin wannan kamshaf na filin tsere ne, kuma masu sa shi sukan canja ƙwaƙwalwa ko su sake mata karatu, su canja sifirin ɗin bawul, wani lokaci har su ƙara famfo na musamman don birki. Ya ce akwai masu sauƙin ƙusumbi da tsohuwar ƙwaƙwalwa ke iya jurewa, amma wannan ba ya cikinsu.

Muka cire kamshaf ɗin, muka sa na Beljiyam mai lamba ɗaya da na asali. Sulo ya zauna lafiya lau, hayaƙi ya ɗauke, tiyo ya koma cafke yatsa. Alhaji kuwa, ranar addu'ar bakwai ya koma ƙauyen nan da buhunan dawa a bayan motar, ya sauke a ƙofar gidan mamacin. Har yanzu in kaka ta yi yana aika musu.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe akwai saura. Direban bas ɗin da muka wuce a hanya ya ba da labari a tasha, cewa tsohuwar wagon ta wuce shi kamar yana tsaye. Kafin mako ya zagayo, direbobi suka fara zuwa garejina suna tambayar ƙarfen. Wanda ya fi nacewa wani ne mai suna Ɗanjuma, yana jigilar fasinja tsakanin Funtuwa da Malumfashi da irin wannan wagon ɗin. Na zaunar da shi na ba shi labarin duka, har makara, har kabari. Na kai shi ya sa yatsa a tiyo. Ya saurara har na gama, sannan ya yi murmushi.

"Oga, ai ku ba ku san halinta ba ne shi ya sa. Ni yanzu na sani. Ba zan taka kulochi ba sai na kusa tsayawa. In na samu wannan, sawu biyu zan ƙara a rana."

"Da mutum nawa a motar?" na tambaye shi.

"Yadda aka saba. In ta cika mu tashi."

Wallahi tsoron da na ji a lokacin ya kusa kai na ranar gonar. A can, babu wanda ya san abin da zai faru. Wannan kuwa ya sani, ya taɓa da hannunsa, kuma yana so. Na ce masa kayan ba nawa ba ne. Bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya nemi lambar Alhaji ya kira shi.

Da la'asar sai ga Alhaji ya zo da kansa, da filasta a goshi. Ɗanjuma yana nan yana jira, ya tashi ya gaishe shi har da rusunawa. Alhaji ya amsa, ya ce in ɗauko masa kamshaf ɗin. Ya karɓa ya wuce da shi rumfar mai walda da ke ƙarshen layinmu, muna biye. Ya ɗora a kan teburin ƙarfe ya ce a yanka masa gida uku. Mai walda ya dubi ƙarfen, ya dubi Alhaji, ya tambaya ko ya ji daidai. Alhaji ya ce ya ji daidai. Muna tsaye wuta tana tartsatsi har aka gama. Ɗanjuma ya yi tsaki ya tafi, ya daɗe ba ya gaishe ni.

To ku matasa, abin da na ɗauka daga wannan shi ne, in aka kawo muku ƙarfen da ba na asali ba, shigarsa mazauni ba ita ce shaidar ya dace ba. Ku tambayi aikin da motar take yi, kaya take ɗauka ko tsere. Ku tambayi rewaya ko ƙwaƙwalwarta za ta iya da shi, in kuma ba za ta iya ba, ko ana iya sake mata karatu. In kun ɗaura, ku auna zuƙar injin, ku kashe motar ku taka birki ku ji sau nawa zai amsa, tun kuna cikin gareji. Sannan ku san cewa za a zo muku da fara'a da girmamawa a roƙe ku ku ɗaura abin da kun san zai iya kashe mutane, kuma mai roƙon ya san haka. Shi direba ya zaɓa da kansa. Waɗanda za su zauna a bayansa, da waɗanda za su tsallaka titi a gabansa, babu wanda zai tambaye su. In kun ce a'a, a madadinsu kuka faɗa.